Hotuna Dubu Uku da Sa Guda

An yi wani ɗalibi a makarantar koyon lafiyar dabbobi, ɗan wani manomi mai shanun huɗa biyu. Malaminsu dattijo ne mai sauƙin kai. Da wayoyi suka yawaita bai hana su shiga aji ba, abu guda kawai ya roƙa: wanda ya ɗauki hoton allo, ya koma ɗaki ya karanta, ya sake rubuta shi da kalmominsa, a takarda ko a cikin wayar ma. Ɗalibin nan ya riƙe farkon maganar, ya saki ƙarshenta. Da malam ya cika allo sai ya ɗaga waya, ƙyas, ya mayar aljihu, zuciyarsa ta kwanta. Shekara biyu yana haka. In jarrabawa ta matso ya haddace abin da abokai suka nuna masa, ya zubar a takarda, ya manta. Hotuna suka haura dubu uku, na allo sun cakuɗe da na biki da na ƙwallo, ba suna, ba tsari.

Da hutun damina ya zo gida, inda tuni ake kiransa likita. Wata safiya ɗaya daga cikin shanun ya tsinke igiya, ya faɗa gonar wake, ya cika ciki da ɗanyen ganye mai raɓa. Kafin hantsi haƙarƙarinsa na hagu ya tashi kamar ganga, yana nishi. Uban ya ce, "Likita, ga aikinka ya iske ka har gida." Ɗalibin ya tuna an yi darasin nan. Ya tuna ranar, ya tuna har rigar da malam ya sa, amma abin da ke kan allon bai zo masa ba. Ya tsuguna yana murza waya yana neman hoton, gumi na ɗiga a kan gilashin. Wani tsohon maƙwabci ya buɗe baki zai ba da shawara, aka ce ya dakata, ga mai ilimin abin. San ya durƙusa, ya kwanta. Uban ya jira iyakar jira, sa'an nan, ba tare da ya dubi ɗansa ba, ya ce a kawo wuƙa kada ya zama mushe.

Ana tsakiyar fiɗa hoton ya bayyana. Ga rubutun malam, tsaf da shi: a ɗura masa kwalbar man gyada, a ɗaura masa sanda a gicciye a baki, a tsayar da ƙafafunsa na gaba a kan tudu. Ya ɗaga kai. Uwarsa mai ƙuli-ƙuli ce; ga kwalaben mai nan jere a bakin ɗakinta, taku goma daga inda san ya faɗi. Ya kashe wayar, bai gaya wa kowa ba. Da aka kawo masa nama ya ce cikinsa ba daɗi. Sa guda ba ya jan garma, don haka sauran gonar da hannu aka huɗe ta, shi yana bayan tsohonsa, bai yarda sun haɗa ido ba har suka kai gefe.

Hausawa suka ce, rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.