Mai Kirana Ɓarauniya

"Ɓarauniya! Kuɗin makafi za ki ci!"

Abin da wani mai laƙabin Tsinin Allura ya sake rubutawa ke nan a ƙasan bidiyona. Ni da nake tashi daga aiki a gajiye, in tsaya gaban waya ina nema wa ƙungiyar makafi kuɗin aikin ido, ni ce ɓarauniya? Jama'a suka yi masa ca, suna ta turo taimako don su ba shi haushi. Ni dai ban huce ba.

Na faɗa ɗakin Mama. "Wallahi in na gano shi, sai kotu ta raba mu!"

Ta ci gaba da ɗinkinta. "Ke dai yi haƙuri."

Na rubuta masa amsa mai zafi, na tura. Wayar Mama ta yi ƙara a kan gado. Na ƙara wata. Ta sake yin ƙara.

Na ɗauka na duba. "Mama! Ke ce?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Da nake sa miki albarka a ƙasan bidiyon, wa ya kalla? Ba ni wayata, ban gama da ke ba."