Na'ura Mai Ido Ɗaya da Tsoho Mai Guduma

Kai Sallau, ajiye wayar nan ka saurare ni, tunda ka ce gobe za ka kai manhajarka Kumasi ba ka nemi kowa a can ba. A wata ƙasa mai sanyi, inda mutane ke hawa duwatsu su ɗaura katako a ƙafa suna zamiya a kan dusar ƙanƙara don nishaɗi, an yi wasu samari uku masu ƙwaƙwalwa. Suka ƙera wata na'ura mai ido ɗaya. A kafa ta a kan turken ƙarfe, idon na kallon ƙasa, ta auna tudun da dusar ta yi, ta aika wa mutane a waya cewa yau dutse ya cika, ku zo, ko kuwa yau babu, ku yi zamanku. A garinsu abin ya yi kyau, don dusarsu busasshiya ce kamar garin tuwo, iska na kaɗawa ta kakkaɓe. Shekara biyu ba ta yi musu ƙarya ba. Shi ke nan fa sai kai ya kumbura, suka ce ai dutse dutse ne, sanyi sanyi ne. Suka kwashi turakunsu suka ƙetare teku zuwa wata ƙasa da ba su taɓa kwana a cikinta ba, ko gaisuwar mutanenta ba su iya ba.

A dutsen da suka je suka kafa na'urarsu a can akwai wani tsoho, shekara talatin aikinsa ɗaya: kullum da safe ya saɓa gudumar katako ya bi turaku da wayoyin ƙarfe na wurin zamiyar yana bugu. Samarin nan suka gan shi suka yi dariya. Ko ta bakin tafinta ba su tambaye shi me yake bugu ba. Suka ce wa mai wurin ga zamani ya zo, me za a yi da mai guduma? Shi ma sakaran ya biye musu, ya sallami dattijon da ya girmi ubansa, ba ko sannu da aiki. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai jinina ya tafasa! To, ashe dutsen nan yana fuskantar teku ne, iskarsa jiƙaƙƙiya ce, duk ƙarfen da ta taɓa sai ƙanƙara ta kama shi ta yi ta toho kamar gemu. Abin da tsoho ke karkaɗewa ke nan. Kwana huɗu da tafiyarsa ƙanƙara ta rufe idon na'ura ruf. Ita kuwa ina ta san bambanci? Ta ga fari dab da hancinta, ta shelanta wa duniya cewa dusa ta kai wuyan raƙumi. Mutane suka ɗauki hutu, suka cika motoci da iyalansu, wasu tafiyar yini guda, suka iso suka tarar da tsakuwa da laka da busasshiyar ciyawa. Ranar mai wurin ya sha zagi har ya ƙoshi, shi kuma ya juye a kan samarin ya ce su kwashe tarkacensu. Kafin mako ya zagayo labari ya gama duwatsun ƙasar, babu mai buɗe musu ƙofa. Suka je cire turakun, ƙanƙara ta riƙe, sun karya biyu ba su ciro ɗaya ba. Sai a sannan suka nemi gidan tsoho, da tafinta da ɗan durƙuso. Ya dube su ya ce shi ai an sallame shi, su tambayi na'urar.

Ka gani ko? Ilimi suna da shi, kayansu ma ba jabu ba ne. Tambaya ɗaya ce suka raina, ga wanda ya san amsar yana wucewa ta gabansu kowace safiya. Kai ma ka tafi Kumasi da wayarka da girman kanka, ka tsallake dattawan Zango, unguwar Hausawan can, za ka dawo ka same ni a nan. Hausawa ba su yi wauta ba da suka ce da ɗan gari akan ci gari.