Rawar Mai Gyaran Agogo

Ranar da likita ta ce a kawo iyayen Auta a ɗebi jininsu, ranar babanta mai gyaran agogo ya tsiri ciwon ƙafa.

Shekara uku Auta tana fama da lupus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. Gaɓoɓi sun lafa, ƙurajen fuska sun baje, jini ne dai ya ƙi cika. Ana shirin ƙara mata magani mai ƙarfi, likita ta lura ƙwayoyin jinin ƙanana ne, irin na gado. In aka samu haka a jikin uwa ko uba, to ba laifin lupus ba ne, Auta ta huta da ƙarin magani.

Mama ta miƙa hannu, sakamako ya fito fes. Saura Baba.

Baba kuwa, mutumin da ba ya ganin maɗaurin agogo a hannun wani bai kwance ya daidaita ba, sai ya cusa nasa hannun a aljihu. Litinin ƙafa. Talata baƙi. Laraba wai bai san lokaci ya ƙure ba, a shagon da agogo arba'in ke bugawa!

"Baban Auta, ƙato da kai, allura?" in ji Mama.

"Ba tsoro ba ne, tsari ne."

"Baba, tsarin nan naka zai sa in riƙa haɗiyar ƙwaya goma kullum," in ji Auta.

Ya daɗe yana kallon kunnuwanta, yadda ya saba tun tana goye, sannan ya ɗauki hula ya nufi asibiti.

Da sakamako ya fito, likita ta sassauta murya. "Baba, a wajenka ta gada. Irin nata sak."

Sai ga dattijo tsaye. Ya jefa hula sama, ya zagaye teburin likita sau biyu, ya rungumi mai shara da tsintsiyarsa. "A jinina yake! Likita, ƙara faɗa!"

"An ce maka kana da larura, kana rawa?" in ji Mama. "Ina ciwon ƙafar?"

Ta ina zai fara? Shekara ashirin da shida ke nan da ya leƙa ɗakin haihuwa, ya tarar da jarirai biyu a gado ɗaya, tasa da ta wani, maɗaurin suna ya matse musu hannu, ya kwance duka biyun don ya sassauta, ya ji tafiyar nas, ya mayar da su da ka, bai tabbatar da wanne na wa ba.