Abin da Jan Bik Ya Soke

A inuwar itacen bedi, bakin tashar Gidan Amumune, wata marubuciya ta ji wata 'yar kolej tana karanta jimlar da ita da hannunta ta soke bara.

Ta matsa kusa. 'Yan mata huɗu ne sun haɗa kai bisa takardu masu maiƙo, ɗinke da zare. Tsofaffin shafukan littafinta na matasa ne, waɗanda ta gyara sau tara, ta ba mai ƙosai ta riƙa naɗi.

"Ina kuka samo wannan?" in ji ta.

"Ƙosai muke saye don takardar kawai, Tanti. Wata biyar muna tarawa."

"To, don me kuke karanta wuraren jan layi?"

Babbarsu ta dube ta da mamaki. "Ai a lakwal, makarantarmu, abin da mushe, malaminmu, ya ja wa layi da jan bik shi ne na hadda."

Suka kife takardun, suka ɗauko da ka, murya ɗaya: labarin ranar da aka fita da gawar mahaifiyar marubuciyar, duk abin da ta soke don tana ganin ya fi ƙarfin yara.

Ta zauna a ƙasa, ta saurara har ƙarshe.