Bindigar Ranar Sulhu

Mus'id ya jera ƙananan bindigogi uku a kan teburin shagonsa, ya tura ganyen ƙat, wanda ake taunawa a nan kamar goro, cikin kunci, ya zuba wa tsoho Hizam ido. A kasuwar nan ba a koya wa Hizam bindiga. Shekara talatin ya yi yana gyara wa sojoji makamai, har ana cewa da farce yake gane lafiyar ƙarfe.

Ɗansa Nashwan na tsaye a bayansa, fuska a murtuke. Wata huɗu ke nan da wani mai suna Gailan ya harbe Fawwaz, wan Nashwan, a kan rigimar rijiya, harsashi uku a ƙirji, a gaban matar Fawwaz ɗin. Ranar Alhamis za a zauna sulhu a gidan shehin ƙabila, Nashwan kuwa ya rantse Gailan ba zai fito daga zauren nan da ƙafarsa ba.

Kowa ya san dokar zaman sulhu a wurinmu. A bakin ƙofa ake damƙa wa shehi manyan bindigogi. Wanda ya kashe rai bayan haka, a nan take ake gamawa da shi, danginsa kuma ba su da bakin neman jininsa. An faɗa wa Nashwan, ya ce ya ji. Uwarsa ta yi kuka har muryarta ta dushe. Hizam kaɗai bai hana shi ba. Ya ce in dai ya zama dole, to shi zai zaɓo bindigar da hannunsa. Muka ce tsohon ya zare: 'ya'ya biyu Allah ya ba shi, ya binne ɗaya, ga shi yana haƙa kabarin na biyu. Ni ma har da bakina, ba zan ɓoye ba.

Ta farko, 'yar Rasha, Hizam ya auna ta a tafin hannu ya ce ta yi nauyi, za ta nuna a ƙarƙashin ɗamara. Ta biyu ya ce ƙugunta zai maƙale a riga. Sai ya ɗauki ta uku, wata 'yar ficiciya.

"Haba Baba Hizam, wannan ai ta tsorata karnuka ce, wani maƙeri ya huda mata baki," in ji Mus'id. "Ganyen da ke kuncina ya fi ta tsada. Tsufa ne ya kawo rowa?"

"Rowata ta fi haƙoranka tsabta. Kawo harsashi."

Suka zagaya bayan shago, inda kowane mai saye ke gwada kayansa a jikin dutse. Hizam ya riƙe ta da hagu, ya kau da kai, ya harba sau biyu. Ya bi bakin bindigar da farcen babban yatsa, ya tsaya a wani wuri, ya sake bi. Al'adar kasuwa harbi uku ce, Mus'id ya tuna masa. Hizam ya ce biyu sun ishe shi. Nashwan ya miƙo hannu zai gwada, uban ya buge hannun. Ya soka masa ita a bayan kuben wuƙar ɗamararsa, ta ɓace ɓat.

"Abu ɗaya zan gaya maka," in ji Hizam. "Ka miƙe hannu sosai, nesa da fuskarka."

Ranar Alhamis Hizam ya ja motar da kansa. Bai shiga layin motocin dangi ba, ya ajiye ta can gefe, gabanta na kallon hanyar birni. Aka karɓi bindigogi a ƙofa, aka zauna. Shehi ya fara magana ke nan Nashwan ya miƙe, ya yi taku uku, ya miƙa hannu saitin ƙirjin Gailan.

Ƙarar ba ta harbi ba ce. Bindigar ta tarwatse a hannunsa. Jini ya fantsama a bango da farar rigar Gailan, yatsu biyu suka faɗo a kan darduma kusa da butar shayi. Gailan ya zube yana shafa ƙirjinsa, bai sami komai ba sai wani guntun ƙarfe a kunci. Wuƙaƙe suka fito ta ko'ina. Shehi ya shiga tsakani, ya jefa rawaninsa a ƙasa, ya ce rai bai fita ba, duk wanda ya taɓa Nashwan ya taɓa shi.

Kafin ya rufe baki Hizam ya riga ya danne ɗansa, ya zarga masa igiya a damtse, ya ja har jinin ya tsaya. Ya saɓe shi sai mota.

A hanya Nashwan yana nishi, ya ce, "Baba, ƙarfen nan ya yaudare ka. Da ka ɗauki 'yar Rasha, da na gama da shi."

Hawaye ya jiƙa wa Hizam gemu, ya ƙara taka mota. Igiyar nan kwananta uku a aljihunsa da zargenta a shirye, tun ranar da farcensa ya ci karo da tsagar bakin bindiga da ya je kasuwa nema.