Murya ta Huɗu a Amshin Kande

Tun da aka kawo akwatin amshi, Kande mai kiɗan ƙwarya ita kaɗai take zuwa biki. In ta ba da waƙa, akwatin ya amsa da muryoyin 'yan amshinta uku da suka rasu. Ba ya ɗaukar muryar mai rai, kowa ya sani.

Da la'asar ta je gwajin waƙar wani biki. Ta ja baiti, amshi ya taso: ga Ladidi, ga Tabawa, ga Delu a makare kamar kullum. Sai ga wata murya ta huɗu, mai dishi-dishi.

"Sallau, wa ka ƙara mini?"

Sallau mai kula da akwatin ya kasa haɗa ido da ita. "Wallahi Hajiya, ban taɓa komai ba. Da kansa yake ƙarawa."

"Maimaita mini."

Muryar ta ja numfashi daidai inda Kande take ja, har da tarin da ya kama ta shekaranjiya.

"Yaushe ne ma bikin?"

"Gobe, Hajiya."

Ta kife ƙwaryar a hankali. "Ka ce wa uwar amarya ta nemi mai ba da waƙa. Amshi kam ya cika."