Kwalaben Kadidia

Mabuɗin ƙaramin firji ne ya fara ɓata wa Inoussa rai. Shekara huɗu ke nan yana aiki a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, na sashen kimiyyar sinadarai na jami'a. Shi ke kula da kayan gilashi, shi ke lallaɓa tsohuwar na'urar awo duk ranar da ta tashi da gardama, amma Profesa Illiya bai taɓa damƙa masa mabuɗin nan ba. Kadidia kuwa wata biyar kacal da zuwanta daga Yamai, ga shi yana lilo a hannun jakarta.

Inoussa ɗan Agadas ne gaba da baya, kuma aikinsa ba na zaman ofis ba ne. Masu neman zinariya suna wanke ta da zaiba, zaibar ta nutse cikin ƙasa, mutane su sha ta a ruwa ba su sani ba. Sau biyu ya bi motocin ƴan zinariya har Djado, can arewa cikin hamada, kwana huɗu a hanya, ya ɗebo ruwan rijiyoyi ya miƙa wa Profesa ya adana. Ya kuma gano dabara mai araha: a cika siririn bututu da gawayin ƙwallon goruba, a bi da ruwan ta ciki, gawayin ya riƙe zaibar, sannan a wanko ta a auna. Wata goma sha takwas ya yi kafin dabarar ta tsaya da ƙafarta. Da ita ya auna ruwan Djado ya rubuta sakamakonsa.

Ana nan sai labari ya bazu cewa wani babban labo a ƙetare zai ɗauki mutum ɗaya daga sashensu, shekara biyu. Profesa ne zai ba da suna.

Daga nan Profesa ya shiga kiran Kadidia ofis ana tura ƙofa. Wata safiya Inoussa ya zo wucewa ya ji muryar tsohon yana cewa, "Ke kaɗai za ki taɓa kwalaben nan. Kada kowa ya sa musu hannu, musamman Inoussa."

Musamman Inoussa! Ranar ko abincin rana bai iya haɗiyewa ba.

Abin da ya ƙara ƙona masa zuciya, washegari ya tarar da ita tana cika bututu da gawayin goruba, nasa gawayin, wanda ya ƙona ya daka ya tankaɗe da hannunsa.

"Malam Inoussa," in ji ta, "giram biyu kake sawa ko biyu da rabi? Ina so in yi daidai yadda kake yi."

"Biyu," ya ce, bai ɗago kai ba.

"Gaskiya dabarar nan taka tana da kyau."

Ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Lalle tana da kyau, tun da ga shi za ta kai wata ƙetare. Ya hango ta tsaye gaban manyan masana tana bayani da faransancinta mai santsi, ana tafa mata, shi kuwa yana nan yana goge tebur. Ita da ba ta taɓa kwana a kan rairayi ba, ba ta san yadda leɓe ke tsagewa a hanyar arewa ba.

Ranar Juma'a da hantsi ta fito da kwalaben daga firji ta jera su a teburinta don sanyinsu ya sake su. Babu suna a jikinsu, sai lambobi da rubutun Profesa. Aka yi kiranta a waya, ta ce za ta leƙa ofishin sashe ta dawo.

Inoussa ya tsaya yana kallon kwalaben. Ya je bakin ƙofa, ya dawo. Ya ce a ransa ba cutar da ita zai yi ba, zai dai nuna wa Profesa cewa aikin ba na kowa da kowa ba ne. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya tsiyaye fiye da rabin kowace, ya cike da tataccen ruwan labo, ya mayar da murafen. Ko minti shida bai yi ba. Da azahar ya wuce masallaci.

Kwana huɗu Kadidia tana awo. Ya ga ta sake, ta kuma sakewa, ta canza bututu, ta wanke na'ura, har kwalaben suka ƙare ƙaf. Fara'arta ta ɗauke. Wani lokaci tausayinta ya kan taso masa, sai ya danne.

Ranar Laraba Profesa ya aiko kiransa. A bakin ofis suka yi kiciɓis da Kadidia, ta fito idonta jajir. Inoussa ya gyara wuyan rigarsa ya shiga.

"Zauna, Inoussa." Tsohon ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. "Tun watan jiya na aika musu sunanka."

Inoussa ya ji kamar kujerar ta ɗaga da shi. "Nawa, Malam?"

"Naka mana. Wa ya fi ka cancanta? Sun karɓa da murna. Sharaɗi ɗaya suka sa kafin su buga hatimi, ni kuma na rantse musu a kanka ba za a samu matsala ba. Yanzu dole gobe in rubuta musu gaskiyar abin da ya fito, kuma ka san sunan da za su kira ka da shi."

"Wane sharaɗi, Malam?"

Profesa ya tura masa takardu biyu gefe da gefe, ɗaya da rubutun Kadidia, ɗaya da na Inoussa.

"Cewa suka yi wani hannu daban ya sake gwada aikinka ba tare da ya san ruwan na wane ne ba. Ko rabin zaibar da ka rubuta Kadidia ba ta samu ba, Inoussa, alhali kwalaben da na ba ta su ne ragowar ruwanka na Djado, kuma babu sauran ko ɗigo."